Mai bincike ya tafi da ƙafarsa

A watan Mayun 2006 jami'an SEC, hukumar da ke kula da kasuwar hannayen jari ta Amurka, suka zaunar da Bernard Madoff, wani dillali mai juya wa mutane kuɗinsu a hannayen jari, suna yi masa tambayoyi. Cikin abin da suka nema har da lambar asusunsa a DTC, cibiyar da ke riƙe rajistar hannayen jarin da dillalai suke saye da sayarwa. Ya ba su. Bayan asirinsa ya tonu, da bakinsa ya faɗa wa babban sufeton hukumar cewa a ranar ya ɗauka tasa ta ƙare, domin duba wannan asusu kaɗai ya isa ya nuna cewa cinikin da yake rubuta wa masu zuba jari bai taɓa faruwa ba. Ba a nemo bayanan asusun ba. Ya ci gaba da karɓar kuɗin mutane har Disambar 2008, lokacin da takardunsa ke nuna dukiyar da ta kusa dala biliyan 65, mafi yawanta a kan takarda kawai take.

Ba za a ce hukumar ba ta yi aiki ba. Tun shekarar 2000 wani masanin harkar kuɗi mai suna Harry Markopolos yake kai mata ƙorafi a rubuce, ta kuma shiga ofishin Madoff fiye da sau ɗaya, ta karɓi fayiloli, ta rubuta rahoto. Matsalar ita ce kusan duk abin da ta duba daga hannun wanda ake zargi ya fito. A ganina wannan ita ce cutar da ke kashe yawancin binciken da gwamnatoci ke yi wa manyan kamfanoni da hukumomin da ke aiki a ɓoye. Ana yawan kukan ƙarancin dokoki, alhali dokokin sun yi yawa. Abin da ya yi ƙaranci shi ne mai binciken da zai tsallake wanda yake bincika, ya je wurin na uku, ya ga abin da idonsa.

A harkar binciken kuɗi akwai aikin da duk ɗan koyo ya sani. In kamfani ya ce yana da kuɗi kaza a banki kaza, odita ne zai rubuta wa bankin da kansa. Adireshin bankin ma shi zai nemo, ba zai karɓa daga kamfanin ba. Shi zai aika, amsar kuma ta dawo hannunsa kai tsaye, ba ta biya ta teburin kowa a kamfanin ba. Idan wakili ne ke riƙe da kuɗin a madadin kamfanin, takardar wakilin ba ta wadatar, sai an ji daga bankin. Idan adadin ya yi girma, sai a ƙara da kiran waya ta lambar da aka samo daga wani wuri dabam, ko a je reshen, ko a ce a motsa wani kaso na kuɗin zuwa asusun da ake iya gani. Aiki ne na 'yan kwanaki.

A Disambar 2003 Bank of America ya sanar cewa takardar da ke nuna wani reshen kamfanin madara na Italiya, Parmalat, yana da yuro biliyan 3.95 a wurinsa ta jabu ce. Shekara goma sha bakwai bayan haka aka maimaita labarin a Jamus, kamar ba a taɓa ji ba. Kamfanin hada-hadar biyan kuɗi na Wirecard, wanda a 2018 ya shiga jerin manyan kamfanoni talatin na kasuwar hannayen jarin ƙasar, ya ce yana da yuro biliyan 1.9 a hannun wakili. Jaridar Financial Times ta ruwaito cewa daga 2016 zuwa 2018 kamfanin binciken kuɗinsa, EY, bai nemi tabbaci kai tsaye daga bankin Singafo da aka ce kuɗin na ciki ba, ya dogara da takardu da hotunan allon kwamfuta da aka miƙa masa. A Yunin 2020, da aka tambayi bankuna biyu na Filifin da aka ce an mayar da kuɗin can, suka ce takardun na bogi ne. Kafin watan ya ƙare kamfanin ya durƙushe.

Abin da ya fi ɓata rai a labarin Wirecard shi ne rawar da hukumar gwamnati ta taka. BaFin, mai sa ido kan harkokin kuɗi a Jamus, ƙaramin bankin da ke cikin rukunin kamfanin kawai take kula da shi kai tsaye, saboda an lissafa uwar kamfanin a matsayin kamfanin fasaha. Da 'yan jarida suka fara tono, a Fabrairun 2019 hukumar ta hana cinikin da ake yi bisa hasashen faɗuwar hannun jarin kamfanin har wata biyu, sannan ta kai ƙarar 'yan jaridar biyu gaban masu gabatar da ƙara. Wato ta bar jaki tana dukan taiki. Babban kamfani yakan zama abin alfaharin ƙasa, sai mai sa ido ya fara jin cewa kare sunansa ma aikinsa ne. Ba sai an ba shi cin hanci ba.

Wannan ƙa'ida ba ta tsaya a kan kuɗi ba. Shekara da shekaru ana gwada hayaƙin motoci a ɗakin gwaji: a ɗora motar a kan rodi masu juyawa, a bi tsararren jadawalin gudu da tsayawa wanda kowane mai ƙera mota ya san shi daƙiƙa bayan daƙiƙa. Volkswagen ta sa manhaja a motocinta masu amfani da dizal wadda ke gane cewa gwaji ake yi, ta hanyar lura da matsayin sitiyari, da gudun motar, da tsawon lokacin da injin ya yi yana aiki, da matsin iska. In ta gane gwaji ne sai ta kunna tsarin tace hayaƙi gaba ɗaya. A kan titi kuwa sai ta sassauta shi, motar ta riƙa fitar da iskar naitrojin oksaid da ta kai ninki 40 na abin da dokar Amurka ta yarda. Motoci kusan miliyan 11 ne a duniya.

Waɗanda suka gano abin 'yan tsirarun masu bincike ne daga jami'ar West Virginia, bisa ɗaukar nauyin wata ƙungiya mai zaman kanta. Motoci uku kacal suka gwada, biyu na Volkswagen, ɗaya BMW. Suka ɗaura na'urar auna hayaƙi a bayan kowace, suka hau titi. Sakamakon ya fito a 2014, hukumar kare muhalli ta Amurka ta fito da tuhumarta a ranar 18 ga Satumbar 2015. Na'urar ba sabuwa ba ce, hukumomi sun san da ita. Sai a 2017 Tarayyar Turai ta fara wajabta gwajin kan titi ga sababbin samfuran motoci. Darasin a aikace shi ne, gwajin da aka san ranarsa, aka san tambayoyinsa, kuma wanda ake gwadawa ne ya kawo samfurin, bai auna komai ba sai iya shirin jarrabawa. Kamata ya yi hukuma ta sayi samfurin a kasuwa kamar kowa, ta canza yanayin gwajin ba tare da sanarwa ba, ta sake gwadawa bayan kayan sun yi shekara biyu ko uku a hannun masu amfani.

Akwai hujjar da hukumomi kan kawo, kuma ba ta banza ba ce. Sukan ce ba su da injiniyoyin da za su bi kowane ƙusa a jirgin sama, kamfanin kuma ya fi kowa sanin abin da ya ƙera. Bisa wannan ne hukumar sufurin jiragen sama ta Amurka, FAA, take wakilta ma'aikatan kamfani su duba wasu sassan aikin a madadinta, alhali kamfanin ne ke biyan su albashi, shi ke ƙara musu girma. A jirgin Boeing 737 MAX an sa wani tsari mai suna MCAS da ke dunƙufar da hancin jirgi da kansa idan ya ga ya ɗaga da yawa. Da na'urar auna kusurwar ɗagawar hancin guda ɗaya yake aiki a lokaci guda, ga kuma ta biyu a jikin jirgin ba a haɗa su don su gaskata juna ba. A bayanan farko an nuna zai motsa fiffiken wutsiya da digiri 0.6. Daga baya aka ƙara masa ƙarfi zuwa 2.5, ba tare da sashen hukumar da ke tsara horon matuƙa ya fahimci girman canjin ba, aka kuma cire bayaninsa daga littafin matuƙa. Jirgin 737 MAX na kamfanin Lion Air ya faɗi a Oktoban 2018 da mutum 189, na Ethiopian Airlines ya faɗi a Maris 2019 da mutum 157.

Wakilci ba zai gushe ba, amma yana da sharuɗɗa. Hukumar ce za ta amince da wanda aka wakilta, ita ce kuma za ta yarda kafin a cire shi. Ya samu hanyar magana da injiniyoyin hukumar kai tsaye, ba sai manajansa ya ji ba. Duk canjin da aka yi wa ƙira bayan an miƙa nazarin haɗari, dole nazarin ya koma farko. Sassan da lalacewarsu ke nufin mutuwa kuwa, hukumar ta riƙe su a hannunta ko da za a yi jinkiri. Dokar da majalisar Amurka ta yi a Disambar 2020 ta ɗauki wasu daga cikin waɗannan, bayan rai 346 sun salwanta.

Tambayar wa ke biyan mai bincike ita ma tana nan. A shekarar 2000 kamfanin binciken kuɗi na Arthur Andersen ya karɓi dala miliyan 25 daga Enron, kamfanin makamashin Amurka da ƙaryar lissafi ta durƙusar daga baya, don binciken littattafansa, da miliyan 27 don wasu ayyukan ba da shawara. Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as. Dokar Sarbanes-Oxley ta 2002 ta hana odita yi wa kamfanin da yake bincika wasu ayyukan, ta sa a riƙa canza jagoran binciken duk shekara biyar, ta kafa hukumar da ke binciken masu binciken, ta kuma tilasta wa shugaban kamfani da shugaban sashen kuɗi sa hannu da sunansu a kan rahoton kuɗi, da barazanar ɗaurin da ya kai shekara 20 ga wanda ya sa hannu a kan ƙarya da gangan. A ɓangaren gwamnati ma haka ne. Hukumar da ke kula da haƙar mai a tekun Amurka kafin fashewar dandalin haƙar mai na Deepwater Horizon a 2010 ita ke karɓar kuɗin shiga daga kamfanonin, ita ke duba lafiyar aikinsu. Hukumar kula da nukiliya ta Japan kafin hatsarin tashar nukiliya ta Fukushima a 2011 tana ƙarƙashin ma'aikatar da aikinta shi ne bunƙasa makamashin nukiliya. Duka biyun sai bayan bala'i aka wargaza su.

Kada a ɗauka kamfanonin 'yan kasuwa ne kaɗai. Gidan waya na Birtaniya mallakar gwamnati ne, kuma a wurinsa aka ga abin da ke faruwa idan ma'aikata ɗaya ta zama ita ce mai ƙara, ita ce mai bincike, ita ce mai gurfanarwa. Daga 1999 zuwa 2015 an yanke wa masu kula da rassa da ma'aikatansu fiye da 900 hukunci kan sata ko ƙaryar lissafi, bisa giɓin da manhajar lissafin rassa mai suna Horizon, ta kamfanin Fujitsu, ta nuna. Dokar shaida ta Ingila tana ɗaukar cewa kwamfuta na aiki daidai har sai an kawo hujjar akasin haka, hujjar kuma tana hannun wanda ya shigar da ƙarar. Gidan wayar ya daɗe yana musanta cewa ana iya taɓa lissafin reshe daga nesa. Ya ɗauko masu bincike masu zaman kansu a 2012, da suka fara gano abin da ba ya so, ya sallame su a 2015. Sai da mutum 555 suka haɗu suka kai ƙara, kotu ta tilasta fito da rajistar kurakuran manhajar, sannan a 2019 alƙali ya tabbatar cewa akwai kurakurai kuma ma'aikatan Fujitsu na iya shiga lissafin reshe daga nesa. Rajistar tana nan duk tsawon shekarun. Babu wanda ke da ikon cewa a kawo ta da ya nema.

Don haka duk inda aka kafa hujja da abin da kwamfuta ta ce, abu uku ake fara nema: rajistar kurakuran da aka sani, rajistar duk wanda ya shiga tsarin da iko na musamman da abin da ya canza, da ɗanyen bayanan cinikin kafin a tace su a rahoto. Wanda ya ce ba ya ajiye waɗannan, ya riga ya ba da amsa.

Wurin da maganar ta fi wuya shi ne hukumomin leƙen asiri da na tsaro, domin a nan sirrin na gaske ne, bayyana wasu abubuwan na iya jawo asarar rai. Sai dai ɓoye wa jama'a daban, ɓoye wa mai bincike daban. Kwamitin Sanata Frank Church a 1975 ya shiga fayilolin hukumomin leƙen asiri da bincike na Amurka, CIA da FBI da NSA, ya fito da shirye-shiryen kashe shugabannin ƙasashen waje irin su Patrice Lumumba da Fidel Castro, da bin diddigin Martin Luther King, Amurka kuma ba ta rushe ba. Daga nan aka samu kwamitocin leƙen asiri na dindindin a majalisa da dokar 1978 da ta kafa kotu ta musamman don ba da izinin sa ido. Amma kwamitin da ke zaune yana jiran a zo a yi masa bayani ya koma gidan jiya. A Maris 2013 Sanata Ron Wyden ya tambayi daraktan leƙen asiri James Clapper a bainar jama'a ko NSA na tattara bayanan miliyoyin Amurkawa, Clapper ya ce a'a, ba da gangan ba. Wata uku bayan haka takardun da Edward Snowden, wanda ya yi wa NSA aikin kwantiragi, ya fallasa suka nuna ana tattara bayanan kiran wayarsu. Lokacin da majalisar dattawa ke binciken azabtar da fursunoni, CIA ta riga ta lalata kaset 92 na bidiyon tambayoyin tun 2005, daga baya jami'anta suka leƙa kwamfutocin da ma'aikatan kwamitin ke aiki da su. Rahoton ya haura shafi 6,000, taƙaitawar kusan shafi 500 kawai aka saki a Disambar 2014. Ma'aikatar tsaron ƙasar kuwa, daga 2018 da aka fara binciken kuɗinta gaba ɗaya zuwa 2024, sau bakwai ana yi, ba ta tsallake ko sau ɗaya ba.

Abin da kwamiti irin wannan yake buƙata a bayyane yake. Ma'aikatansa na kansa da aka tantance su ga sirri, masu iya zama a ɗakin fayiloli su karanta asalin takarda. Ikon sammaci, da shaida bisa rantsuwa, da hukunci ga wanda ya yi ƙarya. Umarnin hana lalata takardu da ke fara aiki daga ranar da aka buɗe bincike. Wa'adi ga kowane sirri, ta yadda bayan shekaru kaza zai buɗe da kansa sai in an kawo sabon dalili a rubuce. Kasafin kuɗin mai binciken kuma kada ya biyo ta hannun wanda yake bincika, abin da Sanarwar Lima ta 1977 ta nema wa manyan masu binciken kuɗin gwamnati tun tuni.

Ko da an yi duk wannan, mai bincike baƙo ne, na ciki ne ya san inda aka binne abin. Rahoton 2024 na ƙungiyar ƙwararrun masu binciken zamba, ACFE, ya nuna kashi 43 cikin ɗari na zambar da aka gano ta hanyar tsegumi aka gano ta, binciken odita na waje kuwa kashi 3 kacal. Amurka tun dokar 2010 tana ba mai kwarmata bayani kashi 10 zuwa 30 na tarar da aka karɓa idan ta haura dala miliyan ɗaya, har an taɓa ba mutum ɗaya miliyan 279 a 2023. Dokar Tarayyar Turai ta 2019 ta wajabta wa kamfani mai ma'aikata 50 zuwa sama buɗe hanyar kai rahoto, a amsa cikin kwana bakwai, a ba da bayanin matakin da aka ɗauka cikin wata uku. Inda abin ke lalacewa shi ne a karɓi ƙorafin a tura wa wanda ake ƙorafi a kansa don ya yi bayani. Daga salon rubutun da irin bayanan da ke ciki zai gane ko wane ne, kafin mako ya zagayo an sauya wa mutumin wurin aiki.

Masu adawa da faɗaɗa ikon bincike suna da magana guda da ba za a yi watsi da ita ba: gwamnatin da aka ba ikon kutsawa ko'ina za ta iya juya shi kan abokan hamayya da 'yan jarida, BaFin ma ta nuna hakan. Maganin shi ne mai binciken ma a bincike shi. Ya rubuta dalilin buɗe kowane bincike da dalilin rufe shi, kotu ta iya dubawa, sufeto mai zaman kansa ya iya bin sawunsa. Da ba don rahoton babban sufeton SEC na 2009 ba, da ba a san labarin lambar asusun Madoff ba.

Sai batun hukunci. A 2012 bankin HSBC ya biya dala biliyan 1.9 a Amurka kan barin kuɗin masu safarar ƙwayoyi da na ƙasashen da aka sa wa takunkumi su ratsa ta cikinsa. Ribar 'yan makonni ce, daga aljihun masu hannun jari ta fito, ba a gurfanar da ko mutum ɗaya ba. A yarjejeniyar dala biliyan 2.5 da Boeing ya yi a Janairun 2021, tarar laifin kanta miliyan 243.6 ce, kaso mafi girma, biliyan 1.77, diyya ce ga kamfanonin jiragen da suka sayi jirgin. Tarar da kamfani zai iya lissafawa tun kafin ya aikata laifin ta zama kuɗin lasisi. Abin da ke canza halin manaja shi ne sanin cewa sunansa na kan takardar, za a iya ƙwato garaɓasar da ya karɓa, a hana shi shugabancin kamfani, ko ya kwana a gidan yari kamar Oliver Schmidt na Volkswagen da aka ɗaure shekara bakwai a 2017.

Akwai kuma sharaɗin da ya kamata ya shiga kowace yarjejeniyar sulhu, wanda sau da yawa lauyoyin kamfani sun fi son ƙara kuɗi da su yarda da shi: a buɗe takardun. A 1998 kamfanonin taba sigari na Amurka sun amince su biya jihohi 46 kimanin dala biliyan 206 cikin shekara 25, sun kuma amince a saki takardunsu na cikin gida. Kuɗin sun shige kasafin jihohi, da yawansu an kashe su a kan abin da bai shafi shan taba ba. Takardun kuwa, miliyoyin shafuka, suna nan a rumbun Jami'ar Kalifoniya da ke San Faransisko, kowa na iya buɗewa a intanet, kuma da su masu bincike da lauyoyi a wasu ƙasashe suka nuna abin da kamfanonin suka sani game da cutar daji da jarabar nikotin, da shekarar da suka san shi.